Sanyin Teksas da ƙurar sida: amsoshin tambayoyin da 'yan'uwa ke yawan yi

Duk shekara, da zarar Disamba ta raba tsakiya, wayata ba ta hutawa. Ko ƙanen da ya zo karatu Austin, ko baiwar Allah da ta biyo mijinta San Antonio, sai ka ji ana magana ta hanci: "Yaya, mura ce ta kama mu, yau mako uku ta ƙi saki." Na san murar nan sarai, don ni ma ta ba ni wuya kafin in gane ko mece ce. Mutanen nan jihar Teksas ta Amurka suna ce mata cedar fever, wato zazzaɓin sida, kuma tushenta wata bishiya ce da ke barbara a tsakiyar sanyi. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da abin da nake amsawa.

Wace irin bishiya ce sida ɗin nan?

Sunan ma na aro ne. Sida na ainihi shi ne itacen al'ul, wanda ke jikin tutar Lebanon. Ta Teksas 'yar dangin junifa ce, masana tsirrai na kiranta Juniperus ashei, sunan da aka raɗa mata saboda wani masanin dazuzzuka Ba'amurke, William Willard Ashe. Gajeriya ce mai duhuwa, ba ta kaɗe ganye rani da damina. Cibiyarta ita ce tuddan da ake kira Hill Country, yamma da babbar hanyar I-35 wadda ta ratsa San Antonio da Austin ta nufi Dallas. Ana samunta kuma a kudancin Oklahoma, da sassan Arkansas da Missouri, da arewacin Meziko.

Kamar dabino da gwanda, akwai namiji akwai mace. Macen ita ke yin 'ya'ya ƙanana shuɗi-shuɗi da tsuntsaye ke ci, kuma ba ruwanta da hancin kowa. Namijin ne mai aikin. A bakin rassansa akwai ƙananan kwanso da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, dubbai a kan bishiya ɗaya, cike da gari. Wanda ya taɓa ratsa gonar gero lokacin da ya yi bununi, ya fito da rawayan gari a kafaɗar riga, ya san irin abin da ake magana. Idan Disamba ta kama, namijin kan rine ya koma ja-ja kamar tsatsa, har baƙo ya ɗauka bishiyar bushewa take yi. Kwanson ne suka nuna.

Yaushe abin ke farawa, yaushe yake ƙarewa?

Yawanci daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu, ƙarfinsa kuma a Janairu. Amma tana da 'yan'uwa gaba da baya: wata junifa mai jan 'ya'ya a yammacin Teksas tana sakin tata tun daga kaka, wata kuma ta gabas, Juniperus virginiana, tana karɓa a Fabrairu da Maris. Jikin da ya ƙi ɗaya yakan ƙi sauran, shi ya sa wasu ke shafe kusan rabin shekara suna atishawa.

Ai sanyi kwantar da tsirrai yake yi. Ta yaya kuma zai sa bishiya ta saki ƙura?

Nan ne maganar take, kuma wanda ya fahimci wannan ya sami rabin maganinsa.

Sanyin Teksas ba irin na hunturunmu ba ne da ke zuwa ya zauna. Kai-komo yake yi. Yau kana yawo da 'yar shara, ma'aunin zafi ya haura 20, iska mai laima na busowa daga Tekun Meziko. Kafin gobe da asuba iskar arewa ta sauko daga filayen Kanada da tsakiyar Amurka, ta ture waccan, zafi ya faɗi ƙasa warwas cikin 'yan sa'o'i. Bayan kwana uku ko huɗu a sake komawa ɗumi, a jira ta gaba.

Kwanson bishiyar laima suke saurare. Muddin iska na da danshi, a rufe suke. Idan iskar arewa ta wuce, takan bar sararin sama garau, iska ta bushe ƙayau, nauyinta ya canza, ga kuma kaɗawa. Sai kwanson da suka nuna su tsage, su buɗe kusan lokaci guda, a kan tuddai masu faɗin gaske. Hukumar kula da dazuzzuka ta jami'ar Texas A&M kan yi wa jama'a wannan bayanin kusan kowace shekara. Bishiyar ba ta jiran ƙudan zuma ya kai mata gari wurin mace, iska ce ɗan aikenta, don haka sai ta zuba da yawa fiye da kima, ko kaɗan ya dace.

Na ga abin da idona wata safiyar Janairu, a hanyar yamma da Austin. Daren jiya an yi yayyafi, gari ya waye tas, rana ta fito, sanyi na cizon kunne. Can gefen tudu na hango hayaƙi na tashi daga wata bishiya, na rage gudu ina tunanin gobara ce. Iska ta sake bugawa, sai ta kusa da ita ma ta tuɗo nata, sannan ta gaba, kamar ana kakkaɓe buhunan gari a jere. Babu wuta ko ɗaya. Da na isa inda zan je na shafa yatsa a kan gilashin mota, ya fito rawaya. Kafin azahar idanuna sun yi jawur.

Ranar da ta fi kyau a ido, mai hasken rana da iska bayan sanyi ya sauko, ita ce ranar da ta fi haɗari ga mai wannan larura. Mu kuma ranar ce muke cewa gari ya yi daɗi, a buɗe tagogi, a fitar da yara.

Ruwan sama fa, yana taimakawa?

Yana taimakawa yayin da yake zuba. Yana wanke abin da ke yawo a iska, laimar kuma ta hana kwanso buɗewa. Sai dai hutun gajere ne. A Teksas ruwan sanyi sau da yawa a gaban iskar arewa yake tafe, wato shi ne ɗan saƙon bushewar da ke biye. Kwanson da suka kwana biyu a rufe suna nan da kayansu, rana na fitowa za su sauke. Idan aka samu mako guda ana hadari da yayyafi da hazo mai laima, masu fama kan numfasa. Ruwan dare ɗaya kuwa, ka shirya wa gobe da jibi.

Idan aka yi tsananin sanyi har ruwa ya daskare, ba zai kashe ƙurar ba?

Yakan dakatar da ita na 'yan kwanaki, musamman idan ƙanƙara ta lulluɓe rassa. Bishiyar dai mai juriya ce, kuma kwanson da ba su buɗe ba suna jira. Da an sami ɗumi da iska sai aiki ya ci gaba.

A Houston nake, ko a Dallas, ban taɓa ganin bishiyar a unguwarmu ba. Me ya haɗa ni da ita?

Iska ce ta haɗa ku. Ƙwayar garin nan ba ta kai rabin kaurin silin gashi ba, ba ta da nauyin da zai sauko da ita da wuri. Inda za ta nufa ya danganta da ɓangaren da iska ta fito. Kafin iskar arewa ta iso, ta kudu ce ke da ƙarfi, sai ta kwashi ƙurar ta yi arewa da ita, Waco, Dallas, har Oklahoma. Bayan ta wuce kuma sai iska ta juyo daga arewa maso yamma, ta zubo ƙurar tuddai kai tsaye a kan Austin da San Antonio, ragowar ta gangara wajen gaɓar teku.

Farfesa Estelle Levetin ta jami'ar Tulsa ta shafe shekaru tana kama wannan ƙurar a iskar birnin Tulsa a watannin Disamba da Janairu, lokacin da babu bishiyar birnin da ke barbara. Ita da abokan aikinta sun tabbatar an same ta har a birnin London na lardin Ontario a Kanada. Mu da muka san ƙurar hunturu daga can arewacin Chadi take tasowa ta rufe Kano da Kaduna har ta kai Legas, wannan ba zai ba mu mamaki ba. Abin da ke Houston dai bai kai na San Antonio ba, nesa tana rage ƙarfi.

Ta yaya zan gane ita ce, ba mura ko wata cuta ba?

Duba ƙaiƙayi. Ido na ƙaiƙayi yana hawaye, hanci na ƙaiƙayi, wani har can cikin kunne da ganɗa. Atishawa a jere, biyar, goma. Majina ruwa-ruwa ce fara, ba mai kauri ba. Sannan abin yana bin yanayi: ranar iska ka jigata, ranar ruwa ka ji sauƙi, ka shiga ɗaki rufaffe ya lafa. Mura ta ƙwayar cuta kuwa kan yi mako guda zuwa kwana goma ta wuce, ba ruwanta da inda iska ta fito.

Sunan zazzaɓi da aka laƙaba mata yana ruɗar mutane. Jiki kan yi ɗumi-ɗumi, ga kasala da nauyin kai, amma zazzaɓi mai ƙarfi ba nata ba ne. Idan ma'auni ya nuna 38 ko fiye, ga ciwon gaɓoɓi da rawar sanyi, to a nemi gwaji, domin lokacin nata ya zo daidai da na mura mai tsanani da korona. Wanda kuma bai daɗe da dawowa daga gida ba, ya gaya wa likita ƙarara cewa daga ƙasar sauro ya fito, a duba maleriya. Kada a ɗora wa bishiya abin da ba nata ba.

Ni kuskuren da na yi shi ne na farko da kowa ke yi. Na buɗe jakar magungunan da na zo da su daga gida, na shanye kwalin kafso na kashe ƙwayoyin cuta, ban ji komai ba, na ƙara wani. Cikina ya lalace, hancina na nan yadda yake. Babu ƙwayar cutar da za a kashe. Jiki ne ke bori a kan abin da ba ya cutarwa.

Shekarata ta farko da ta biyu lafiya lau na yi. Me ya sa sai yanzu?

Haka take yi. Sai jiki ya haɗu da abu ya san shi kafin ya ƙi shi. A cikin ƙwayar garin akwai wani sinadari da masana suka sa wa suna Jun a 1. A sanyin farko garkuwar jikin wasu mutane kan yi masa rajista a matsayin abokin gaba, ta tanadi makamai, kai ba ka ji komai ba. Wani sanyin na zagayowa, yana taɓa hanci, sai jiki ya saki histamin, wanda shi ke kawo kumburi da ƙaiƙayi da majina. Wani a shekara ta biyu, wani sai ta biyar, wani kuma har abada ba ya ji. Wanda a gidansu akwai asma ko borin jini ya fi kusa. Amma ƙurar sida na da yawan da ko wanda ba shi da aleji, wato wannan borin na jiki, kan ji ta a ido da maƙogwaro a ranakun da ta yi tsanani.

Mu da muka tashi cikin hazon hunturu, ai ya kamata a ce mun saba.

Na sha jin wannan, musamman daga bakin maza. Ƙurar hunturu ƙasa ce, tana busar da hanci, tana kankare maƙogwaro, tana tayar da asma, kuma kowa tana taɓa shi gwargwado. Ta sida abu ne mai rai da garkuwar jiki ke ganewa ta yi faɗa da shi. Shekara talatin a Zinder ko Sakkwato ba ta koya wa jiki komai game da Jun a 1. Abu ɗaya da muka zo da shi mai amfani shi ne ɗabi'ar rufe hanci da rawani ko mayafi idan iska ta taso.

Lambobin da ake faɗa a rahoton yanayi, me suke nufi?

Adadin ƙwayoyin gari ne a cikin iska mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. A ma'aunin da ƙungiyar likitocin aleji ta Amurka ke amfani da shi, ƙurar bishiya ta kai "mai yawa" daga 90, "mai yawa ƙwarai" daga 1,500. A San Antonio da Austin, tsakiyar Janairu, ba abin mamaki ba ne a ji ta wuce 10,000.

Sai dai ka lura, lambar da aka faɗa da safe ta abin da na'ura ta tara ne daga jiya. Labarin da ya wuce ne. Ni na fi dogara da hasashen iska: yaushe ta arewa za ta iso, laima za ta faɗi, gudun iska zai ƙaru. Wannan shi ke gaya maka gobe.

Wane magani ne ke aiki?

Mafi muhimmanci shi ne lokacin farawa. Maganin feshin hanci irin fluticasone, wanda ake sayarwa da sunan Flonase, ba ya aiki nan take, sai an yi kwanaki ana fesawa kullum. Wanda ya san yana da larurar ya fara tun farkon Disamba, kafin hanci ya kumbura. Wanda ya jira sai ya toshe ya fesa sau biyu ya ce ba ya aiki, bai ba shi dama ba.

Ƙwayoyin da ke tare histamin su ne cetirizine da loratadine da fexofenadine, sau ɗaya a rana, ana samunsu ba tare da takardar likita ba. Piriton ɗin da muka sani a gida danginsu ne, amma na da ne, yana sa barci, haka ma Benadryl. Mai tuƙa mota a manyan hanyoyin nan ko mai aikin dare ya kiyaye su. Akwai ɗigon ido na musamman don ƙaiƙayi.

Abu biyu nake roƙon 'yan'uwa a kansu. Feshin buɗe hanci irin Afrin yana da daɗin aiki, minti biyar ka ji iska na shiga, amma kada ya wuce kwana uku, in ba haka ba hancin zai riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da ya sake ka. Sannan magungunan da ke da pseudoephedrine, waɗanda galibi ake ƙara wa harafin D a ƙarshen sunansu, suna ɗaga jini. Iyayenmu da suka zo ziyara da hawan jini kada a miƙa musu. Mai juna biyu da ƙananan yara kuma sai da shawarar likita.

Wanda kowace shekara sai ya kwanta, ya je wurin likitan aleji a yi masa gwajin fata. Akwai allurar da ake yi a hankali, ana ƙara yawan sinadarin kaɗan-kaɗan har jiki ya daina bori. Tana ɗaukar shekara 3 zuwa 5, tana son haƙuri da inshora, amma ita ce ke taɓa tushen matsalar.

A cikin gida me za mu yi?

A rufe tagogi ranakun iska, a canza matatar na'urar ɗumama gida, a daina shanya a waje. Wanda ya dawo daga aiki ya cire kayan waje, ya yi wanka kafin ya kwanta, don gashi da gemu da hula suna kwasar garin su kai shi kan matashin kai. Mata su wanke mayafin da aka fita da shi, kada a rataye shi a ɗakin kwana. A mota a danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Takunkumin N95 yana tare garin sosai idan dole sai an yi aiki a fili.

Alwala tana rage abin da ya maƙale a ƙofar hanci da gefen ido, na ga bambanci a kaina. Amma wankin hanci mai zurfi da ake yi da gora da ruwan gishiri, wanda ruwan ke shiga ta nan ya fita ta can, wannan sai da ruwan da aka tafasa ya huce ko tataccen ruwan kanti. Kada a ɗebo daga famfo kai tsaye.

Sai maganar da matan gida ba sa son ji, wato turaren wuta. Hancin da ya riga ya kumbura, hayaƙi na ƙara masa ciwo, ga tagogi a rufe. A gidana mun yi sulhu: daga Disamba zuwa Fabrairu ana turara kaya a gareji, kasko ba ya shiga falo. 'Yata da ke kwana tana murza ido har fatar ta yi duhu ta fara samun barci.

Azumi na matsowa cikin sanyi. Yaya za a yi da magani?

Tambaya ce mai kyau, don shekarun nan masu zuwa watan Ramadan zai faɗo tsakiyar lokacin sida. Ana sa ran na 2027 a farkon Fabrairu, na 2028 a ƙarshen Janairu, na 2029 a tsakiyarta, na 2030 a farkonta. Sauƙin da Allah ya kawo shi ne yawancin magungunan nan sau ɗaya ake sha a yini, sai a sha da sahur ko bayan buɗa baki. Feshin hanci ma a yi shi da dare, an huta da saɓanin malamai a kansa. Mai asma da ke buƙatar abin shaƙa da rana ya zauna da likitansa da malaminsa tun kafin wata ya kama.

Yaushe abin ya wuce na zama a gida?

Idan numfashi ya fara fita da ƙara, ƙirji ya ɗaure, tari ya hana barci, ko yaro na jan numfashi har haƙarƙarinsa na lotsawa, a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye. Iska mai sanyi da bushewa da kanta tana tayar da asma, ga ƙura a kai. Haka kuma idan ciwon fuska da goshi ya zauna fiye da kwana goma, majina ta yi kauri, ga zazzaɓi, wataƙila kogunan hanci sun kamu, wannan kuma aikin likita ne.

To me ya hana a sare bishiyoyin kowa ya huta?

Ranar da idona ke zafi ni ma nakan yi wannan tunanin. Amma bishiyar 'yar ƙasa ce, ta riga kowa zuwa. Abin da ya yawaita ta aikin mutane ne: da can gobarar daji kan cinye ƙananan kafin su girma, da Turawa makiyaya suka zauna a ƙarni na 19 suka hana gobara, dabbobinsu suka cinye ciyawa, sai sida ta sauko daga kwazazzabai ta mamaye fili. Yawancin ƙasar kuma gonakin mutane ne, gwamnati ba ta da ikon shiga da gatari. Ga wani ɗan tsuntsu mai rawayan kumatu da ba ya sheƙa a ko'ina a duniya sai a tsakiyar Teksas, kuma da ɓawon tsohuwar sida yake saƙa ta. Tun 1990 yana cikin jerin halittun da doka ke karewa. Sare namijin da ke jikin tagar ɗakinka zai rage maka wani abu, amma wadda ke zuwa daga tuddai ba ta san ka sare ba.

Na ji an ce Japan ma suna fama da irin wannan.

Suna fama, nasu ma ya fi yawan mutane. Bishiyarsu sugi ce, Cryptomeria japonica, wadda aka dasa birjik bayan yaƙin duniya na biyu don samun katako. Da katakon waje ya yi araha sai aka bar ta a tsaye, ta girma, ta shiga shekarun zuba gari. Binciken da likitocin hanci da kunne suka yi a 2019 ya nuna kusan mutum 4 cikin 10 na ƙasar na da alejin sugi. A 2023 gwamnatin Fumio Kishida ta fitar da shirin rage dazuzzukan sugi da aka dasa da kashi 20 cikin 100 a shekara 10.

Yadda sanyi ke aiki a can ya bambanta. Sugi ɗumi take jira. Masu hasashe a yankin Tokyo kan tara mafi girman zafin kowace rana tun daga 1 ga Janairu, idan jimillar ta kusa 400 sai su ce a shirya, galibi cikin Fabrairu. Sanyi mai sauƙi yana gaggauto lokacin, mai tsanani yana jinkirta shi, yawan garin kuma ya danganta da zafin bazarar da ta gabata. Sinadarin sugi, Cry j 1, ɗan'uwan Jun a 1 ne na kusa. Don haka ɗalibin da sida ta kama a Austin, idan karatu ko aiki ya kai shi Tokyo ko Osaka tsakanin Fabrairu da Afrilu, ya sa feshin hancinsa a jakar hannu, ya kuma fara amfani da shi mako biyu kafin ya hau jirgi.